Sa Hannun Ƙarfe Huɗu Saura Kwata

Akwai wani hali da ya yi yawa a cikin 'ya'yanmu masu karatu, ni kuwa ban ga amfanin rufa masa asiri ba. Halin shi ne son takardar shaida fiye da abin da aka shaida. Mutum bai ji magana ba amma yana so a rubuta cewa ya ji, bai zauna ba amma yana so a buga masa hatimi cewa ya zauna. Wannan shi ne laifin, shi kuma za a hukunta a nan. Sai dai in faɗa tun da wuri, mai laifin ba mugun yaro ba ne, wanda ya hukunta shi kuma ya fi kowa ƙaunarsa.

A wata jami'a akwai babban ɗakin taro, mai kula da shi kuwa wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Makulli, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Tun daga nesa ake jin zuwansa, kamar akuya mai ƙararrawa. Shekararsa ashirin da shida a bakin wannan ƙofa. Ya san kujerun ɗakin ɗari huɗu da goma sha biyu ne, ya san uku da suka karye, ya san fankar da ke kuka idan an ƙure ta. Shi ke sa wa makirufo batir, shi ke ja labule in za a kunna majigi, shi ke ajiye wa baƙo ruwan sha a gefen dama, sai in ya lura bahago ne.

Kowace Laraba da ƙarfe biyu, ofishin da ke shirya ɗalibai don neman aiki yakan gayyato wani gwani ya yi musu magana. Yau likita, wani mako mai zanen gidaje, wani makon mai kiwon kaji da ya yi fice. Baba bai yi boko mai nisa ba, aji huɗu ya yi aka cire shi, amma babu lacca ɗaya da ta wuce shi. Yakan zauna a kan wata 'yar kujera kusa da na'urar sauti, ya harɗe hannu ya kasa kunne. Turancin da bai samu a aji ba ya tsince shi a nan, ƙwaya ƙwaya, kamar kaza. Kunne ya girmi kaka, in ji masu magana.

A bakin ƙofa akwai tebur, a kansa takardar halarta da biro ɗaure da zare, don ɗalibai ba su da amana a kan biro. Dokar ofis ita ce a ɗauke takardar da ƙarfe biyu da rabi. Duk wanda sunansa ke ciki, a ƙarshen mako ana ba shi takardar shaida mai hatimi cewa ya halarci lacca kaza. Baba na bin dokar nan sau da ƙafa, ba ya jin magiyar kowa. Mutum ɗaya ne tak ya fi ƙarfinsa.

Wannan mutum shi ne Auta, ɗan ƙanwarsa, wanda ke ajin ƙarshe a sashen injiniya kuma yake zaune a gidansa tun shigarsa jami'a. Baba da matarsa Inna 'ya'ya mata Allah ya ba su, duk sun yi aure sun watse, saboda haka Auta ya tarar da gida da sauran so a ajiye, ya kwashe shi duka. Yaron kuwa yana da hannu. Tun yana ɗan shekara tara ya kwance famfon gidan uwarsa ya mayar, ɗigar da ta gagari mai gyara ta tsaya. Agogon bangon Inna, injin ɗinkin maƙwabciya, duk sun bi ta hannunsa sun tashi. Abin da ba shi da shi shi ne gindin zama.

Ranar Laraba, yayin da baƙo ke zuba bayani a ciki, Auta na rumfar mai shayi da abokansa ana musun ƙwallo. Sai ƙarfe huɗu saura kwata ya ɓullo da jaka a kafaɗa, ya raɓo ta gefen tebur.

"Baba, sannu da aiki," yakan ce. A cikin makaranta ba ya cewa Kawu. Baba ya lura da haka tun shekarar farko, ya haɗiye.

"Ka makara."

"Muna ɗakin gwaji ne."

"Ɗakin gwajin naku da madara ake yi? Ga ta nan a gashin bakinka."

Auta ya yi dariya ya goge baki. Baba ya waiga hagu da dama, ya ɗaga mayafin tebur, ya zaro takardar da ya kamata a ce tana ofis tun ɗazu. Auta ya ja biro har zaren ya miƙe, ya rattaba hannu, ya yi gaba. So hana ganin laifi. Da haka ya tara takardun shaida arba'in a cikin wani baƙin fayil, kowace a rigarta ta leda. In ya buɗe wa Inna, sai ta goge hannu a zane kafin ta taɓa.

"Duk wannan kai kaɗai?" takan ce.

"Inna, ranar da na ajiye wannan a gaban masu ɗaukar aiki, su za su tashi su ba ni kujera."

Baba yakan ji, ya kau da kai. Ya san abin da ke cikin kowace takarda, don shi ya ji laccar. Mai takardar ne bai sani ba.

Wata Laraba aka gayyato wata mata, shugabar injiniyoyi a wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa da gyaran madatsai. Tun mako biyu kafin zuwanta sanarwa ta karaɗe makaranta: kamfanin zai ɗauki ɗalibai uku koyon aiki na wata shida, wanda ya yi ƙoƙari a riƙe shi, masu so su zo da takardunsu ranar Talatar da ke bin laccarta a gana da su. Auta ya karanta sanarwar a wayarsa har ya haddace. Ya kai rigarsa wurin mai guga, ya sake wa fayil sababbin ledoji. Aikin ruwa shi ne abin da yake mafarki, Baba ma ya sani.

Matar ta zo da takalmin aiki mai taɓo a gefe, gajeruwa, muryarta ba ta da ƙarfi. Ba ta yarda an kunna majigi ba. Ta ba su labarin ramin farko da ta shiga, da yadda wani tsohon lebura ya hana ta fasa bututun da ba ya cikin taswira, don shi yana wurin ranar da aka binne shi. Wajen ƙarfe uku, bayan masu sa hannu su sulale sun gama sulalewa, ɗaki ya rage kamar mutum tamanin, sai ta ajiye makirufo a kan tebur ta matso gaba.

"Abin da zan faɗa yanzu ba ya cikin sanarwa," ta ce, "kuma da gangan na hana a sa. A wurin aikinmu, wanda ya iso bayan an gama bayani shi ke buɗe famfon da aka ce kada a buɗe. Takardunku ku zo da su, amma ba su za su shigar da ku ba. Kowa ya zaga makarantar nan ya nemo abu ɗaya da ya lalace wanda ya shafi ruwa. Ya tambayi mutumin da ke zaune da abin kullum, ba littafi ba. Ya rubuta mini shafi ɗaya da hannunsa, me ya lalace, me ya sa, yaya zai gyara. Wanda shafinsa ke cikin akwatina shi zan kira ranar Talata. Wanda babu nasa, ko da buhu ya zo da takardu, ya huta."

Ta sa direbanta ya shigo da wani akwatin ƙarfe mai tsaga a sama da kwaɗo a gefe. Ta duba ɗakin, idonta ya sauka a kan Baba.

"Baba, shekara nawa kana nan?"

"Ashirin da shida, ranki ya daɗe."

"To kai ne ma'ajina. Ga makulli, ƙara a cikin naka. Ranar Litinin da ƙarfe goma sha biyu na rana ka liƙe bakin akwatin. Da ƙarfe huɗu direba zai zo ya ɗauka. Ban yarda ko shafi ɗaya ya shiga bayan sha biyu ba."

"In Allah ya so," in ji Baba. Ya karɓi makullin da hannu biyu. A shekara ashirin da shida, baƙi sun sha ce masa ya ƙara sauti ko ya rage fanka, amma ba wanda ya taɓa ba shi amana a gaban jama'a.

Ƙarfe huɗu saura kwata Auta ya ɓullo. Baba ya kama hannun rigarsa.

"Tsaya, akwai magana."

"Baba, abokaina na jira na. A gida." Ya sa hannu ya zame.

Da yamma, bayan an ci abinci, Baba ya zaunar da shi a tsakar gida ya zayyana masa komai, bai rage ko wasali ba: abin da ya lalace, tambayar mai zaune da shi, shafi ɗaya, akwati, Litinin sha biyu. Auta na ji yana danna waya. Da Baba ya kai aya sai ya juyo masa da fuskar wayar.

"Kawu, ga sanarwar nan. A zo da takardu ranar Talata. Ina akwati a nan?"

"Na ce maka ta ce da gangan ta hana a sa."

"Kamfani guda, mai motoci da ofisoshi, zai ɗauki injiniya da wasiƙar hannu kamar ta neman aure? Kawu, wannan irin abin da suke yi ne don 'yan aji ɗaya su sami abin yi. Mu manya takardu ake duba mana."

"Akwatin yana ɗakina. Makullin ga shi a ƙuguna."

"Na yarda akwai akwati. Ƙila na shawarwari ne." Ya yi 'yar dariya, ba da mugunta ba, wadda da ma da mugunta ce da ta fi sauƙi. "Ka san matan nan in suna Turanci sauri suke yi. Ba lalle ka kama duka ba."

Inna, da ke tattara kwanuka, ta tsaya cak.

"Auta, kawun naka kake gaya wa haka?"

"Inna, ba raini ba ne. Kowa da fanninsa. In maganar makulli ce ai ba na musu da shi."

Baba ya gyara makullan da ke ƙugunsa. Sannan ya ce, "Tambayi wani da ya zauna."

"Zan tambaya."

Ya kuwa tambaya, amma abokansa na rumfar shayi ya tambaya, waɗanda jirgi ɗaya ya kwaso su. Suka ce ba su ji wannan ba. Waɗanda suka zauna kuwa kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don gurbi uku ne, ba wanda ke son ƙarin abokin takara. Ranar Juma'a da safe Baba ya sake tuna masa, Auta ya ce yana sauri. Ranar Asabar Inna ta sa baki, ya rungume ta ya ce ta fara tunanin kalar zanen da zai saya mata ranar da ya kama aiki. Baba ya ce a ransa, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Daga nan bai sake tuna masa ba, don shi ma yana da zuciya, kuma an taɓa ta.

Ranar Asabar ɗin ce, yana share matakalar ɗakin taro, wata ɗaliba ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya san ta. Ita ce ke zama a layin farko kowace Laraba da ɗan littafinta, har ɗalibai suka sa mata 'Yar Gaba.

"Baba, tambaya na zo yi, in ba ka gaji ba. Na ga bangon bayan ɗakin nan a jiƙe, ga ciyawa kore shar a gindinsa alhali ko'ina ya bushe. Na ɗauka bututu ne ya fashe a ƙasa."

Baba ya jingine tsintsiya. Shekara huɗu ke nan yana kai ƙarar bangon nan, sau goma sha ɗaya aka rubuta, sau biyu aka zo aka tona ƙasa aka mayar ba a ga komai ba.

"Da ƙarfe nawa kika duba?"

"Da rana."

"Ki dawo gobe da ƙarfe bakwai na safe, ki sa takalmin da ba kya tausayi."

Ta dawo. Ya buɗe mata ƙofar matakalar da ke hawa rufin, suka hau yana haki tana riƙe masa makullai. Ya nuna mata tankin ruwa. Da aka tada injin tura ruwa na makaranta, tankin ya cika, ruwa bai tsaya ba, ya bi ta wani tsohon bututu da aka binne a cikin bango tun kafin a yi wa ɗakin ƙari.

"Ƙwallon da ke rufe ruwa in ya cika, ya huje, ya nutse," in ji Baba. "Minti arba'in kullum yana zuba a cikin bango. Su kuma suna ta tonon ƙasa. Na faɗa musu ciwon a ka yake, suna ta shafa magani a ƙafa."

"Me ya sa ba su ji ba?"

"Wa zai ji maganar mai shara a kan aikin injiniya?"

Tana rubutu, shi kuma yana kallon hannunta yana tunanin wani hannun. Da Auta ne ya hau nan, da kafin a sauka ya kwance ƙwallon ya gano ramin da yatsa. Shekara huɗu yaron na kwana ɗaki ɗaya tsakaninsa da mai wannan sani, bai taɓa tambaya ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya yarda akwai wanda ya fi shi sanin hanya.

Litinin ta zo. Tun safe ɗalibai ke zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zura shafinsu, wasu har da addu'a. Baba ya zauna kusa da akwatin, ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan hanya. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu saura biyar. Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo. Da agogo ya buga sha biyu ya ƙara minti ɗaya, wanda har yau yake cewa agogon ne ke gaba. Sannan ya yanko salatif ya liƙe tsagar, ya ɗauki akwatin ya kai ɗan ɗakinsa na ajiyar tsintsiya da batir, ya zauna a kai.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci ya ji gudu a kan matakala. Auta ne, gumi ya jiƙa masa riga, da takarda a hannu. Ashe a layin karɓar littafi ya ji wasu biyu suna hirar abin da suka rubuta.

"Kawu," ya ce. Karo na farko ke nan da kalmar ta fito daga bakinsa a cikin makaranta. "Kawu, ashe gaskiya ne."

"Ashe."

"Na rubuta. Ga shi. A kan famfon ɗakin kwanan ɗalibai ne, na san abin da ke damunsa, wallahi na sani. Direban bai zo ba, ko?"

"Sai huɗu."

"Alhamdu lillahi. To buɗe kwaɗon in sa. Ba sai an taɓa salatif ɗin ba, ba wanda zai gane."

Baba ya dubi takardar. Rubutun a karkace yake saboda sauri, amma har da ɗan zane, kuma ko daga nesa ya ga zanen mai hankali ne. Hannunsa ya kai kan makullan da kansa, kamar yadda ya saba kai wa mayafin tebur kowace Laraba. Ya ji ɗan sabon makullin a tsakanin yatsunsa. Ya tuna ƙanwarsa ranar da ta kawo yaron da akwatinsa, ta ce, Yaya, ga naka nan. Ya tuna 'Yar Gaba a kan rufi da takalminta a jiƙe. Ya saki makullin.

"Ba zan buɗe ba."

Auta ya yi murmushi, yana zaton irin jan ran da aka saba ne. "Haba Kawu. Na tuba. Na yarda Turancinka ya fi na shugaban jami'a."

"Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ka lallashe ni, ka san ba na daɗewa. Ka zauna."

"Babu lokacin zama."

"Ai shi ne ciwonka. Zauna."

Ya zauna a kan wani bokiti da aka kifa.

"Sau arba'in da ɗaya na ɗaga maka mayafi," in ji Baba. "Ina cewa taimakonka nake yi. Ni na koya maka cewa ƙofa ba ta rufuwa, in ta rufu ma akwai Kawu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na yi ta ba ka ruwa ina kallo. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma akwatin nan ba nawa ba ne. Matar nan ta dube ni a gaban mutum tamanin ta ce ni ne ma'ajinta. A cikinsa akwai wahalar yara hamsin da suka zauna suka ji. In na sa naka, ɗaya daga cikinsu zai rasa, don na san naka zai ci."

"To ka gani. Ka san na cancanta."

"Na sani. Shi ya sa abin ke mini ciwo."

"Kawu, aikin nan shi nake so tun ina yaro. Kai ka sani. Me zan gaya wa Mama?"

"Ka gaya mata gaskiya. In ba ka iya ba ni zan gaya mata, in haɗa da nawa kason."

Auta ya roƙa. Ya yi alkawari, ya ambaci Inna, ya ambaci kakarsa da ke kabari. Ya yi fushi ya tashi, ya kai ƙofa ya dawo. Baba na zaune a kan akwatin kamar an dasa shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma bai motsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfe huɗu direba ya zo, Baba ya miƙa masa akwati da makulli, Auta na tsaye da shafinsa a hannu yana kallo har motar ta sha kwana.

Duk da haka ranar Talata ya sa rigar da aka goge, ya ɗauki baƙin fayil ya tafi, ko Allah zai sa. Aka kira sunaye hamsin da biyu, babu nasa. Da aka tashi ya tari injiniyar a bakin ƙofa ya buɗe mata fayil. Matar ba ta wulaƙanta shi ba. Ta juya ledojin a hankali har ta iso kan ta ƙarshe, wadda ke ɗauke da sunan laccarta.

"Ashe kana wurin," ta ce. "To me na faɗa?"

Ta rufe fayil ɗin ta miƙa masa da hannu biyu. Da ta zo wucewa ta tsaya wurin Baba ta ce masa gobe za a turo wanda zai canza ƙwallon tanki, kuma yarinyar da ta rubuta a kai ta sa sunansa a ƙasan shafinta, ta ce shi ya koya mata. 'Yar Gaba na cikin ukun da aka ɗauka.

Kwana biyu Auta bai ci abincin kirki ba, bai yi wa kawunsa magana ba. A rana ta uku da safe Inna ta haɗa shayi ta ajiye kofi biyu a wuri ɗaya, ta ce ita ba za ta yi ta raba tire kamar gidan haya ba, ta koma ciki. Suka zauna. Baba ya yanka burodi ya tura masa babban ɓangaren.

"Kawu," in ji Auta, idonsa a cikin kofi, "Laraba mai zuwa wa zai yi magana?"

"Wani mai haɗa injinan ban ruwa. Ƙarfe biyu. Biyu da rabi takarda na ofis, ko uwata ce ta zo."

"Na ji."

"Ba ka ji ba tukuna. Da na sani ƙeya ce, amma gara a juya a dube ta sau ɗaya, don a san girmanta. Ajiye kofin ka ba ni hannunka."

Ya kama hannun nan mai iya gyara, ya shiga lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi masa yana ƙarami in ana koyon ƙidaya.

"Gurbin koyon aiki na wata shida, ya tafi. Ɗaya ke nan. Aikin da ke bayansa, wanda da ka riƙe shi da hannun nan, ya tafi. Biyu. Kamfanin ba ya dawowa sai bayan shekara biyu, lokacin kai ba ɗalibi ba ne. Uku. Lacca arba'in da ɗaya, kowace awa biyu, mutanen da suka san duniya sun zo har ƙofarka sun zuba, ni mai shara na kwashe, kai ka tashi da leda. Huɗu." Ya kama babban yatsan. "Na biyar kuma, mayafin tebur. Daga yau babu komai a ƙarƙashinsa."